Fitsarin baƙon ɓera da cikin da ya ƙi zama

 Yau sai kun yi haƙuri da ni, don maganar fitsari za mu yi. Eh, fitsarin ɓera.

A 1959, wata masaniyar dabbobi a Landan mai suna Hilda Bruce ta lura da wani abu a kejin ɓerayenta. Idan namiji ya yi wa mace barbara, sai aka ɗauke shi aka kawo wani daban a kwana uku zuwa huɗun farko, yawanci cikin ba ya zama. Baƙon nan fa ba sai ya taɓa ta ba, ko shimfiɗar da ya yi fitsari a kai aka sa mata ya isa. Amma in na farkon aka dawo mata da shi, cikin na nan lafiya lau. Ashe ta haddace warinsa tun a 'yan awannin da suka biyo bayan barbarar.

To ta yaya? A cikin hancin ɓera, can ƙasa, akwai wata 'yar gaɓa da ke karanta sinadaran da ke cikin fitsari. Da ta ji na baƙo sai ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, jiki ya rage sinadarin furolaktin. Shi kuwa furolaktin shi ke tallafe da furojestaron, wanda ke shirya mahaifa. Kun ga ƙwan da ya riga ya haɗu ba shi da wurin maƙalewa. Cikin 'yan kwanaki sai macen ta sake neman namiji.

Da na fara karanta wannan, wallahi cewa na yi asara ce. Sai na ga dalilin da masana da yawa ke bayarwa: namijin ɓera yakan kashe jariran da ba nasa ba. Uwa ta ɗauki ciki kwana 20, ta haihu, baƙo ya zo ya hallaka su. Gara ta fasa tun ba ta sha wahalar ba. A 2012 ma an ga kwatankwacin haka a wasu birai na tsaunukan Habasha da ake kira gelada: idan sabon namiji ya ƙwace garke, kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciki kan yi ɓari.

Kafin wani ya rubuto mini, waccan gaɓar ta hanci a jikin ɗan Adam ragowarta ce kawai, ba ta aiki irin na ɓera. Sai mun haɗu a shiri na gaba.