Jawabi a Bikin Yaye Malaman Jinya na Makarantun Karkara

Wakilan ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, shugabannin makarantu, da ku 'ya'yana malaman jinya da muke yayewa yau:

Mazaunin Maitama ko Garki, in numfashin ɗansa ya sarƙe, kafin ka ce kwabo ya isa asibiti. Ku kuwa Rubochi za ku koma, da Yaba, da ƙauyukan Kwali da Bwari, inda sai an samo mai babur tukuna a fara zancen Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Daga bakin aji zuwa gadon asibiti, yaron nan ba shi da likita sai ku.

Shekarun baya na je zagaye wata firamare, ba sai na faɗi sunanta ba. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, an sa wata yarinya sharar aji da sassafe. Na tarar da ita a durƙushe, ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana fito, tana son ta ce "Malam" ta kasa ƙarasawa. Wani na cewa iskoki ne, wata na yayyafa mata ruwa, ana ƙoƙarin kwantar da ita. Asma ce ta tasar mata, amma duk makarantar babu inhela ko ɗaya. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau idanunta ba su bar ni ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Ciwo ne da maganinsa ke shiga aljihu, shi ya sa wannan adadi yake ba ni takaici.

Kun koyi aikin, tuni kawai nake muku. A zaunar da yaro a miƙe, kada a kwantar. A girgiza shuɗiyar inhela, a fesa sau ɗaya ta cikin mazurarin shaƙa, ya ja numfashi a natse, a sake, har sau goma in ta kama. In ya kasa haɗa magana, ko leɓensa ya sauya launi, a tafi asibiti ana ci gaba da fesawa a hanya. In babu mazurarin kanti, ga robar lemo mai rabin lita. Tun 1999 Dakta Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu suka gwada ta a kan yara, ta yi aiki. To, wane uzuri ya rage mana?

Aikin da ya fi wuya yana wajen iyaye. Da yawa suna haɗa asma da tarin fuka, su ɓoye, don kada a ƙyamaci ɗansu. Ku gaya musu ba a ɗaukarta daga mutum. Wasu na tsoron yaro zai saba da inhela. Ku zauna da su a zaure, cikin ladabi, ku warware musu. Ku tambayi hayaƙin itace a ɗakin girki, da maganin sauro na kunnawa da dare. A makaranta kuma, a yayyafa ruwa kafin shara, a ɗauke wa mai asma tsintsiya da goge allo, amma kada a hana shi ƙwallo. Ku koya wa malaman aji abin da kuka sani, domin ranar da abin zai tashi ƙila kuna wata makarantar.

Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomi, tun 2006 Nijeriya take da manufar kula da lafiya a makarantu. Ga ma'aikata mun horar. Roƙonmu, kafin hunturun bana ya kama, kowace makaranta ta samu inhela da mazurari a akwatin maganinta.