Shiru Ma Magana Ce: Yadda Ake Auna Gamsuwar Masu Cin Abinci

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai)



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba. In na yi daidai, to, daga abin da malamai suka koya mini ne. In kuwa na yi tuntuɓe sai a yi mini gyara, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar da zan yi a yau ita ce yadda ake amfani da ilmin ƙididdiga wajen auna gamsuwar masu cin abinci a gidajen sayar da abinci. Na san wani zai ce a ransa, duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin tattaunawa sai tuwo da miya? To, a yi mini haƙuri in fara da wani ɗan abu da ya faru da ni.

A hutun da ya wuce na shiga wani gidan abinci a cikin gari. Na daɗe ƙwarai ina jira, da shinkafar ta iso kuma ta riga ta huce, naman kuwa sai da na yi kokawa da shi. Ina cikin wanke hannu sai yaron gidan ya miƙo mini wata 'yar takarda da biro, ya ce maigida yana so in faɗi yadda na ji abincin, sa'an nan ya tsaya a kaina yana jira. Na dubi fuskarsa, kunya ta kama ni, na sa alama a gurbin "na gamsu ƙwarai", na biya na fita. Tun daga ranar ban sake taka gidan ba. Watau a lissafin maigidan ina cikin masu yabonsa, a zahiri kuwa ya riga ya rasa ni. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da takarda ta faɗa da abin da ke cikin zuciyar mai ci, shi ne jigon jawabina.

Kada a ɗauka waɗannan alƙaluma abin wasa ne. A shekarar 2011 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard a Amurka, Michael Luca, ya fitar da bincike a kan gidajen abincin birnin Seattle. Ya ɗauko makin da masu ci suke ba su a dandalin intanet na Yelp, inda ake ba da tauraro 1 zuwa 5, ya haɗa da bayanan ciniki daga hukumar haraji ta jihar Washington na shekarun 2003 zuwa 2009. Dabarar da ya yi ita ce, a lokacin dandalin yakan mayar da maki zuwa rabin tauraro mafi kusa, har gidan da ya sami 3.24 ya fito da taurari 3, wanda ya sami 3.25 kuwa ya fito da 3 da rabi. Abincin waɗannan gidaje biyu kusan ɗaya ne a bakin masu ci, abin da ya raba su kawai shi ne abin da jama'a ke gani. Da ya gwada irin waɗannan gidaje da juna sai ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara kuɗin ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Wannan tasiri kuma a kan gidaje masu zaman kansu ya bayyana, ban da manyan kamfanoni masu rassa ko'ina waɗanda jama'a suka riga suka san su. Ashe ke nan ƙaramin mai sana'a shi alƙalami ya fi iya ɗagawa, shi kuma ya fi iya kayarwa.

Yawancin takardun jin ra'ayi suna bin ma'aunin da wani Ba'amurke, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932, mai matakai biyar. A gidan abinci yakan fara daga "ban gamsu ba ko kaɗan" ya ƙare a "na gamsu ƙwarai", a ba kowane mataki lamba daga 1 zuwa 5. In an tara takardun sai a haɗa lambobin, a raba da yawan waɗanda suka amsa, a sami matsakaici. A nan ne mafi yawan mutane suke tsayawa. Ni kuwa ina ganin akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba a yi wa kowane alƙalami kafin a gaskata shi.

Tambaya ta farko, kuma uwar sauran, ita ce: su wa suka amsa, su wa kuma suka yi shiru? Mu ƙaddara mutum 200 sun ci abinci a wani gida ran Asabar, 40 daga cikinsu suka cika takarda, 36 suka ce sun gamsu. Maigida zai rubuta a allo cewa kashi 90 cikin 100 na masu cin abincinsa sun gamsu. To, ina sauran 160? In dukkansu sun fita da fushi, waɗanda suka gamsu 36 ne cikin 200, watau kashi 18. In dukkansu sun ji daɗi, 196 ke nan, watau kashi 98. Gaskiya tana wani wuri tsakanin 18 da 98, takardun nan 40 kuma ba za su nuna mana wurin ba. Daɗin daɗawa, wanda ya daina zuwa tun watan jiya ba ya ma cikin 200 ɗin, ga shi kuwa shi ne ya fi kowa sanin abin da ke korar mutane.

Wannan kuskure ya taɓa kunyata manya. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta kuma yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Ranar zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga wurare irin su littattafan lambobin tarho da rajistar motoci, watau masu hannu da shuni, sa'an nan waɗanda suka damu su mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. George Gallup kuwa, da mutane kaɗan ƙwarai in aka gwada da na mujallar, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan darasi ba tare da ya shiga aji ba: ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu can ciki ya ɗebo.

A ƙasarmu kuma akwai ƙarin wani abu, watau kunya da kara. Bahaushe in an tambaye shi yaya ya ji abinci, ko da gishiri ya yi masa yawa, "Alhamdu lillahi" zai ce, musamman in mai tambayar tana da shekarun mahaifiyarsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma mai ƙididdigar da ya manta da ita zai tara godiya ya ɗauka gamsuwa ce.

Tambaya ta biyu: mutum nawa aka tambaya? Ko da an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a, ba son rai, sakamako yakan ɗan kauce wa gaskiya, masana kuma sun san iyakar wannan kaucewa. In ra'ayi ya rabu kusan biyu, mutum 100 za su ba da sakamakon da zai iya kaucewa da kimanin maki 10 sama ko ƙasa, a sau 19 cikin 20. Mutum 400 za su rage shi zuwa kimanin maki 5, mutum 25 kuwa kaucewarsu ta kai kimanin maki 20. Watau in kana so ka rage kuskure da rabi, sai ka ninka mutane sau huɗu. Saboda haka in an tambayi mutum 100 a kowane gida, wannan ya sami kashi 55, wancan ya sami 50, babu wanda yake da hujjar cewa na farko ya fi. Amma a lura, yawa ba ya gyara mugun zaɓe. Miliyan 2 na Literary Digest ba su cece ta ba.

Tambaya ta uku: yaya amsoshin suka rarrabu? Alal misali, ga gidaje biyu, kowanne mutum 10 suka auna shi. A na farko dukkansu suka ba da maki 3. A na biyu mutum 5 suka ba da 5, sauran 5 suka ba da 1. Matsakaicin kowane gida 3 ne, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko abincinsa ba yabo ba fallasa. Na biyu kuwa yana da abin da rabin jama'a ke so ƙwarai, da kuma abin da ke korar rabi, wataƙila yaji ne, wataƙila mai dafawar dare ba ta kai ta rana ba. Haka nan kuma lambobin nan jerin matsayi ne kawai, ba awon mudu ba ne. Babu tabbacin cewa tazarar da ke tsakanin 4 da 5 a zuciyar mutum daidai take da wadda ke tsakanin 1 da 2. Don haka ya fi kyau a nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowane mataki, maimakon a dunƙule su a lamba ɗaya.

Tambaya ta huɗu: shin abin da ake gwadawa iri ɗaya ne? Mu sake ƙaddarawa. Gidan Hajiya ta bakin azuzuwa yana cika da rana, lokacin layi da gaggawa. An tambayi mutum 80 da rana, 40 suka gamsu, kashi 50 ke nan; da dare an tambayi 20, 18 suka gamsu, kashi 90. Gidan da ke bayan ɗakunan kwana kuwa da dare yake ciniki. Da rana an tambayi 20, 8 suka gamsu, kashi 40; da dare an tambayi 80, 64 suka gamsu, kashi 80. Ku duba da kyau, Hajiya ta fi shi da rana, ta kuma fi shi da dare. Amma in aka haɗa jimla, Hajiya tana da 58 cikin 100, shi kuwa yana da 72. Masana suna kiran wannan juyi da sunan Edward Simpson, Baturen Ingila wanda ya yi bayaninsa a 1951. Wanda ya dubi jimla kaɗai zai hukunta Hajiya a kan laifin da ba ta yi ba, don kawai ta ɗauki nauyin ciyar da mu a lokacin da ya fi wuya.

'Yan'uwa, ga inda maganar ta shafe mu. Kowannenmu a nan yana cin abinci a hannun masu sayarwa na cikin makaranta, kuma duk ranar da kwamitin jin daɗin ɗalibai ya tashi auna su, sakamakonsa zai iya zama dalilin barin wata a rumfarta ko tashinta. A bayan kowace rumfa akwai 'ya'ya masu jiran kuɗin makaranta da 'yan aiki masu jiran lada. A ɗaya gefen kuma akwai cikinmu da lafiyarmu da ɗan guzurin da iyaye suka ba mu. Lissafin da aka yi da ganganci zai zalunci ɗaya daga cikin biyun.

Saboda haka ina ba da shawara kamar haka. A zaɓi waɗanda za a tambaya bisa tsari, misali kowane mutum na biyar da ya fito, a ranaku da lokuta dabam-dabam. Kada a rubuta suna, kada mai abincin ko yaronta su tsaya a wurin, a jefa takarda cikin akwati rufaffe. A rarraba tambayoyi, ɗanɗano dabam, tsafta dabam, farashi dabam, tsawon jira dabam, domin mai sana'a ta san inda za ta gyara. A rubuta yawan waɗanda suka ƙi amsawa, a buga shi tare da sakamako. A bi ɗakunan kwana a nemi waɗanda suka daina zuwa a ji dalilinsu. Sa'an nan a haɗa da abin da ido ke gani, watau yawan abincin da ake bari a faranti da yawan masu dawowa, domin wanda ya ji kunyar faɗa da baki, farantinsa zai faɗa.

Shugaban taro, ilmin ƙididdiga bai hana mu yarda da alƙaluma ba, abin da ya hana shi ne mu yarda da su ido rufe. Duk wanda ya zo muku da kashi kaza cikin ɗari, a kan abinci ne ko zaɓe ko wani abu, ku tambaye shi wa ya tambaya, mutum nawa, yaya suka rarrabu, da me ya gwada su. Fiye da kome kuma ku tambaye shi labarin waɗanda suka yi shiru, irina a wancan gidan abinci, don Hausawa sun ce shiru ma magana ce.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama karatu lafiya.