Tare Mai Gudu da Ƙwallo: Wane Jeri Ya Dace da Yaranmu?



Wani zai ce me ya haɗa Zazzau da ƙwallon Amurka. To, a nan Samaru aka kafa ABU Titans ta Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko na wannan wasa a Nijeriya, wadda a 2016 ta je Legas ta kara da Lagos Marines. Tun kafin nan, Christian Okoye, haifaffen Inugu, shi ya fi kowa cin ƙasa da gudu a gasar NFL ta 1989, da yadi 1,480. Wasan ya riga ya iso mu. Abin da ya rage shi ne a koyar da shi daidai, kuma yau a kan tsaro zan tsaya.

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, ko da jifa ko da gudu. Manya sun ƙware a jifa, amma ɗan shekara goma hannunsa bai yi ƙwari ba, mai cafewar ma sau da yawa ƙwallon kuɓuce masa take yi. Saboda haka wasan yara kusan duk gudu ne. Duk wanda ya yi langa ya san wannan: ruwa yana bayan 'yan'uwansa, suna ture masa hanya, ku kuma burinku ku kayar da shi kafin ya sha.

Idan masu hari suka jera mutum bakwai a gaba, kafofi takwas ke buɗewa: shida a tsakaninsu, biyu a gefe. Jeri uku aka fi amfani da su wajen toshe su: 6-2, da 5-3, da 4-4. Lambar farko ita ce waɗanda ke durƙushe a layin gaba, ta biyu waɗanda ke tsaye a bayansu. Ku lura, ko wanne ka haɗa takwas ne, sauran ukun suna can baya suna jiran jifa. Ke nan bambancin ba a yawan mutane yake ba. Bambancin shi ne yara nawa kake nema su yi tunani cikin ƙiftawar ido.

Na layin gaba aikinsa guda: ga kafarka, kada kowa ya bi ta nan. Na bayansa kuwa sai ya karanci inda wasa ya nufa, ya kauce wa mai tare shi, ya kuma iya kayar da mutum shi kaɗai a fili. Jerin 4-4 yana bukatar irin waɗannan yara har huɗu. Koci, tsakaninka da Allah, kana da su? Jerin 5-3 yana bukatar uku, da ƙaƙƙarfan yaro a tsakiya wanda mutum biyu za su danne shi bai ja da baya ba. Ni dai ga 'yan ƙasa da shekara 12, 6-2 nake ba da shawara. Zaƙaƙurai biyu kawai yake nema a tsakiya, kuma yaron da bai da sauri yana da wurin tsayawa a cikin layi, ya yi amfani, ba a bar shi a benci yana kallo ba. Wannan na ƙarshe ya dame ni ƙwarai, domin yaron da aka zaunar mako uku ba ya dawowa.

Amma inda ake cin yara shi ne gefe. A miƙa wa mafi sauri ƙwallo, ya zagaye layin gaba ɗaya, shi ke nan. Don haka 'yan gefenka biyu su zama masu natsuwa da jin magana, ko da ba su ne ƙarfafa ba. Umarninsu ɗaya: kada a wuce ta bayan kafaɗarka ta waje, koro shi ciki inda 'yan'uwanka suke. Yaro zai so ya bi ƙwallo ciki. Ranar da ya bi, ranar za a juyo da ita ta inda ya bari.

Jerin 6-2 yana da rauninsa. Mai gudu in ya ɓalle layin farko, mutum biyu kaɗai ke kusa, kuma gajeren jifa zuwa gefe yana wahalar da shi. Idan yara suka kai shekara 14, abokan karawa suka fara jifa da gaske, a janye mutum ɗaya baya a koma 5-3.

Iyaye, saura maganar lafiya. Ko a Amurka, ƙungiyar yara ta Pop Warner ta rage lokacin karo a atisaye tun 2012 saboda raunin kai. Filayenmu da rani ƙasa ce busasshiya mai tsakuwa. Inda babu hular kwano da kariyar kafaɗa, kada a yarda da kayarwa sam. A yi wasan fizge ƙyalle daga ƙugu, wanda za a buga a Olamfik ta Los Angeles a 2028. Tsare kafa da rufe gefe duk ana koyonsu a haka, kayarwa kuma ta jira sai kayan sun samu, a koyar da ita da kafaɗa, kai a ɗage.