Tsinken da ke Gane Naman Ƙwaƙwalwa a Lokacin Tiyata

 An nemi in yi bayani kan wani ci gaba a fannin tiyatar ƙwaƙwalwa, zan kuwa taƙaita.

Babbar wahalar likita wajen cire ƙarin ciwon daji daga ƙwaƙwalwa ita ce gane iyakarsa. Akwai irin da ke kutsawa cikin lafiyayyen nama kamar saiwa a ƙasa, ido ba ya raba su. In likita ya bar saura, ciwo ya dawo. In ya zarce da ɗan kaɗan, mutum ya farka ba magana ko ba motsin hannu. Hoton MRI da aka ɗauka kafin aiki ba ya wadatarwa, domin da an buɗe ƙoƙon kai ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa. Aika yanki ɗakin gwaji kuwa yakan ci minti 20 zuwa 30, ga mara lafiya kwance kai a buɗe.

A shekarar 2015, masu bincike a Montreal ta ƙasar Kanada suka gwada wani tsinke mai kama da alƙalami. Ana ɗora shi kan naman, ya haska shi da leza, ya karanta hasken da ya dawo. Naman daji da lafiyayye ba sa mayar da haske iri ɗaya, don haka kwamfuta ke ba da amsa nan take. A Jami'ar Calgary kuma, tun 2008 aka fara aiki da hannun mutum-mutumi mai suna neuroArm. Likita ke sarrafa shi, hannun ba ya rawa, kuma yana isar masa da jin abin da ya taɓa. Burin masana yanzu shi ne haɗa irin wannan hannu da irin wancan tsinke. Amma hukuncin a yanka ko a bari yana hannun likita har gobe.

Ga roƙona. Duk ƙwarewar na'ura, ba ta mayar da abin da jinkiri ya ɓata. Idan aka kira mu daga gida aka ce ɗan'uwa na fama da ciwon kai mai naci da aman safe, ko farfaɗiya ta fara masa da girma, ko ganinsa na raguwa, mu haɗa kuɗin hoton kai, mu matsa a kai shi asibiti tun da wuri.