Maganin Gargajiya da Ƙasar da Ta Raine Shi

 

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san sabara da kalgo da marke da rai-ɗore. Da su iyayenmu mata suke jegonsu, da su ake jiƙa wa yaro maganin shawara da ciwon ciki. A kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, mai saye yakan tambayi sunan saiwa da yadda ake shanta. Da wuya ka ji ya tambayi inda aka haƙo ta. A kan wannan tambayar nake so mu tsaya yau.

Tsiro da saiwarsa yake ci. A jikinta akwai ƙananan ƙofofi da kowane abinci yake bi ya shiga: sinadarin ƙarfe, da zink, da kalsiyum, da fosfaras. Sai dai ƙofofin ba sa tantance baƙo sosai, shi ya sa ƙarafa masu guba suke samun shiga. Kadmiyum ya yi kama da zink, don haka ta ƙofar zink da ta ƙarfe yake kutsawa, ya tare gurbinsu. Asinik ya yi kama da fosfaras, shi ma ta hanyarsa yake bi. Dalma kuwa yawanci a saiwa take maƙalewa, ta hana ta tsawo, ta rage mata ƙarfin zuƙo ruwa da abinci. Daga nan ganye ya ɗashe ya yi rawaya, tsiro ya tsumbure, yawan sinadaran da ake nema a jikinsa domin magani ya sauya. Idan ƙasa ta yi tsami, kuma ba ta da takin gargajiya da zai riƙe waɗannan ƙarafa, sai su ƙara narkewa su samu hanya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wani tsiron yakan tara guba alhali ganyensa shar, babu wata alama. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wuta ba ta ƙone dalma. Tunda a saiwa ta fi taruwa, kuma saiwa da sassaƙe su ne ƙashin bayan maganinmu, abin ya zo mana har gida.

Daga ina gubar take fitowa? Daga bola inda ake zubar da matattun batura a cinna wuta, daga garejin da baƙin mai yake tsiyaya, daga gefen babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Birnin Kudu, wanda motoci suka yi shekaru suna bi da fetur mai dalma kafin a daina sayar da shi. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ya zuba jiya yana nan. Takin sufa ma yakan zo da ɗan kadmiyum daga dutsen da aka yi shi. A Kano kuwa, ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ya daɗe yana kai kromiyum cikin ruwan da ake ban-ruwa da shi.

Mun ga abin da ƙasa mai guba take yi. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ƙurar niƙan dutsen zinariya ta cika gidaje, yara sama da 400 suka rasu. A Japan, manoman bakin kogin Jinzu sun ci shinkafar da ta sha kadmiyum har ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga ganyen magani: kada dalma ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya, kadmiyum kuma miligiram 0.3.

Saboda haka ina kira ga masu magani: ku nisanci bola da gefen titi da bakin kwata, ku shiga daji mai tsabta, ku wanke saiwa sosai, kada ku shanya a kan kwalta. Manoman zogale su yawaita takin dabbobi da ya ruɓe. Iyayen ƙasa su keɓe fili a dasa itatuwan magani. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse su auna ƙasar fadamunmu da saiwoyin kasuwanninmu, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa. Masu ƙulla magani don sayarwa su kai wa hukumar NAFDAC ta gwada.

Kai kuma mai saye, kafin ka jiƙa wa ɗanka, tambayi inda aka haƙo. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.