Ina Littafin Yaron Fagge?

Yaron da ya tashi a Fagge ba ya rabo da tambaya. Jirgi ya taso daga filin Malam Aminu Kano, sai ya ɗaga kai: me ke riƙe da shi a sama? Ya ga ana sauke dilolin atamfa a Kantin Kwari, ya ce daga ina suke?

Littafin yara mai hotuna ne ya kamata ya ba shi amsa. Amma a shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari, na makaranta da na soyayya ne suka fi yawa. Na ƙananan yara da Hausa kuwa sai an tona.

Magabata sun yi nasu. Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce tun 1937, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, a baya-bayan nan kuma littattafan Mu Karanta! suka shiga firamaren Sakkwato da Bauchi. Sai dai tatsuniya da darasin aji daban, littafin da yaro zai buɗe ya ga layinsu da a-daidaita-sahu a ciki daban.

Kano ba ta rasa marubuta da masu zane ba. Jama'a, a haɗa su, su yi wa yaran nan littafinsu.