Gyaran Kai Daga Littafin Lissafi Yake Farawa

Wannan jawabi ne da wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa a garin Illela. Galibinsu ƙananan 'yan kasuwa ne, da dillalan kara, da 'yan dako, da manoman albasa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Mutumin Illela ya san abin da mutanen wasu garuruwa sai a rediyo suke ji. Ya san iyaka takan rufe ba shiri. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. A farkon 2023 kuwa, bayan an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya tsaya a kasuwanni.

Talaka ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma akwai abin da ke hannunsa, watau lissafinsa, da sana'arsa, da lafiyar jikinsa, da amanar da jama'a suka ba shi.

Lissafi shi ne kan gaba. Ɗan kasuwa da yawa aljihu ɗaya gare shi. Nan uwar kuɗi take, nan riba take, nan ake ciro kuɗin cefane da na suna da na biki. Ranar Lahadi ya ci kasuwar Illela, ranar Laraba ya haura Ƙonni, kuɗi na shiga suna fita, yana ganin yana samu. Sai ranar da hanya ta rufe ya duba, ya ga jarin ya daɗe da ƙarewa, bashi ne yake juyawa bai sani ba.

Maganin wannan littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, da biro. A raba shafi biyu. Gefen dama abin da ya shigo, gefen hagu abin da ya fita. A misali, mutum ya sayi kaya na naira 50,000, ya sayar 58,000. Zai ce ya ci ribar 8,000. To, kuɗin mota 2,500, ɗan dako 1,000, la'ada 1,000, abincin rana 1,000. Ribar gaskiya 2,500 ce. In ya kai 5,000 gida a ranar, ya gutsuri jarinsa. Wanda bai rubuta ba ba zai ga wannan ba.

A bakin iyaka lissafin ya fi wuya, domin kuɗi iri biyu ne. Mutumin Ƙonni idan ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Idan ya ce jika, sefa 1,000 ce. Canji kuma ba ya zama wuri ɗaya. Dattawa sun tuna watan Janairu na 1994, da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Daga 2023 kuwa naira ce ta faɗi. Saboda haka duk wanda ya ba da bashi ko ya karɓa, ya rubuta da wane kuɗi aka yi, da ranar, da shaidu. Zumunci da yawa ya lalace tsakanin 'yan'uwa na nan da na can a kan wannan kawai.

Manomin albasa shi ma lissafi ne ke cetonsa. Lokacin cire albasa farashi yana ƙasa, bayan wasu watanni ya tashi. Mai bashi a wuya dole ya sayar a gona. Wanda ya ware wani abu tun farko yana iya zuba albasarsa a rudu ya jira, in dai ya tuna cewa wata za ta ruɓe, ya sa wannan ma a lissafi.

Sai sana'a. Da aka rufe iyaka, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ba su da abin yi sai ƙetarar da kaya. Mai gyaran babur, da tela, da mai gyaran waya, da mai noman rani sun ragu, amma ba su zauna ba. Saurayi ya koyi sana'a ta biyu tun yana da ƙarfi. Ba abin kunya ba ne magidanci ya zama ɗan koyo.

Jiki ma jari ne. Wasu 'yan dako da 'yan kabu-kabu suna shan Tramol wai don su daɗe suna aiki. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne, ba ta ƙara ƙarfi. Tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma jawo suma da jijjiga irin ta farfaɗiya. A 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Abin da jiki ke so abinci ne, da ruwa mai tsabta musamman da bazara, da barci. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa ya riƙa takawa da ƙafa, wanda ya haura shekara 40 ya je asibiti a auna masa hawan jini.

Wanda ya iya riƙe littafinsa shi ake ba riƙon na jama'a. Uwar adashi ko ma'ajin ƙungiya ya rubuta sunan kowa, da zubinsa, da ranar kwasarsa. Ya karanta a gaban taro ko ba a tambaye shi ba. Kuɗin ƙungiya kada ya kwana aljihu ɗaya da nasa. In a banki ko a waya aka ajiye, kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da mai POS ne.

Mako mai zuwa kowane ɗalibi zai zo aji da littafinsa, da lissafin kwana bakwai a ciki. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya rubuta lambobi kawai, ya zana hoton buhu ko akuya a gefe. Ba wanda za a karanta wa nasa a gaban mutane.